Matarsa a Kan Kati

Tayoyin motar Jojo sun yi jajir da laka.

Abin da Esaaba ta fara gani ke nan da ta karyo kwanar gidansu ranar Asabar da hantsi, ledar dokunu, tuwon masarar da ake naɗewa a ganye, a hannunta. Jojo Aikins mutum ne da ko tsuntsu ya ɓata masa gilashi sai ya tsaya gefen titi ya goge. Kuma duk faɗin Sekondi babu inda ake samun irin wannan jar ƙasa, sai in mutum ya miƙa yamma, ya sauka daga kwalta, ya kama hanyar sansanin 'yan gudun hijira.

Me ya kai Jojo can?

Ta tura ƙofa a hankali. Mutum uku ta tarar a falo. Wofa Kobina, kawunta, yayan mahaifiyarta, yana kan kujerar da ba mai zama sai shi, ya yafa zanensa a kafaɗa. A danginsu shi ke ba da auren kowace 'ya, ko uban da ya haife ta sai ya saurare shi. Maame, mahaifiyarta, tana tsaye jikin bango da zanen aikinta, ƙaurin hayaƙin kifi bai bar jikinta ba. Jojo kuwa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana wasa da makullin mota.

A tsakiyar tebur akwai kwalaben giya biyu.

Ta gane su. Firmin, saurayinta, shi ya kawo su sati uku da suka wuce, ranar da ya zo ƙwanƙwasa ƙofa kamar yadda duk mai neman aure yake yi. Ba shi da uba ko kawu a ƙasar nan, don haka ya zo da mutum biyu daga ajin Turancin da take koyarwa a cibiyar taimakon baƙi, suka tsaya masa a matsayin dangi. Wofa ya karɓi kwalaben, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike. Tun ranar suna kulle a kabad. Yau an fito da su, ba a buɗe ko ɗaya ba.

"Wofa, sannu da zuwa."

"Ajiye ledar nan ki zauna."

Ta zauna a bakin kujera.

"Kin san yadda muke yi," in ji shi. "Kafin mu ba da 'ya sai mun je garin mutum, mu ji ko akwai hauka a gidansu, ko sata, ko wani abin kunya. Naki mutumin ya ce an ƙone garinsu a yaƙin ƙasar Kodibuwa. Na ce to, ai kafin ya zo Sekondi gyaran firji akwai inda ya zauna. Jojo, Allah ya yi masa albarka, ya ce zai kai ni."

"Ni tuƙi kawai na yi," Jojo ya faɗa yana murmushi. "Ba ruwana."

"Nuna mata."

Jojo ya miƙo wayarsa. Hoton wani kati ne da ya sha hannu, gefunansa sun cinye. Irinsa take gani kullum a teburin cike takardu na cibiya, katin da ake bai wa kowane iyali ranar da suka ƙetaro iyaka.

"Ke ce mai digiri," in ji Wofa. "Karanta mana, wataƙila idona ne ya tsufa."

Ta karanta a zuciyarta. Firmin Oulai, maigida. Odile Oulai, mata. Ƙasa da su sunan yara biyu.

"Matar yayansa ce," ta ce. "Ya gaya mini. Yayan ya mutu a hanya, shi yake kula da ita da yaran."

"Haka ya gaya miki?"

"Tun farko."

"To ni ita na tambaya. Na sa aka fassara mata har sau biyu. Ta dafa ƙirji ta ce mijinta ne, ta ruga ciki ta ɗauko katin nan ba wanda ya tambaye ta. Ta ce a coci aka ɗaura, ta faɗi shekara. Mace za ta yi wa kanta ƙaryar miji?"

Maame ta fashe da kuka.

"Ei, Esaaba! Shekara ashirin ina shaƙar hayaƙi, idanuna har sun dena ganin ramin allura, don ki je jami'a a Cape Coast ki fito mutum. Na ce ki nemi aikin banki, kika ce a'a, ke baƙi za ki koya wa Turanci. Na yi shiru. Kika kawo min mai gyaran firji wanda ba a san kabarin kakansa ba, na haɗiye. Yanzu kuma mijin wata? Da wane ido zan shiga coci gobe?"

"Maame, ki bari in tambaye shi."

"Ki tambaye shi ya ce me? Namijin da yake son mace akwai abin da ba zai ce ba?"

"Ba maƙaryaci ba ne."

"To ita ce maƙaryaciyar? Ko katin? Ko Wofanki?"

Esaaba ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a bayan hannunta, ta bar shi.

Maame ta matso ta durƙusa gabanta, ta kama gwiwoyinta. "'Yata, dubi Jojo. Shekara biyu yana binki. Mun san uwarsa, mun san gidan da aka haife shi, yana da aikinsa a tashar jiragen ruwa. In ya ɓata miki, na san ƙofar da zan je in buga. Wancan fa? In ya tashi wata rana ya tafi, wace hanya zan bi in neme shi?"

"Ba na son Jojo, Maame."

Ta faɗa a hankali, amma kowa ya ji. Makullin ya dena motsi a hannun Jojo.

Wofa ya miƙe ya gyara zanensa. "Ni ba azzalumi ba ne. Na ba shi zuwa ƙarshen wata. Ya je ofishin 'yan gudun hijira ya kawo mini takarda mai hatimi cewa ba shi da mata. In ya kawo, mu buɗe kwalba. In bai kawo ba, a mayar masa da kayansa, mutanen Jojo su zo Lahadin farko ta sabon wata. Na gama."

Da za su fita Jojo ya ɗan tsaya kusa da ita.

"Ni ba na jin Faransanci, Madam," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ban iya daɗin baki irin nasu ba. Amma duk takardata, sunana ne kaɗai a kai."

* * *

Ba ta kira Firmin ba. Sau huɗu ya kira ranar Lahadi, tana kallon wayar har ta yanke.

Ranar Litinin ƙarfe huɗu ta shiga aji. Tsohon ɗakin taro ne na coci, benci takwas da allo ɗaya, a kusurwa ga teburin da take zama da safe tana taya mutane cike takardu da karanta musu wasiƙun ofis. Ɗalibanta goma sha bakwai, mafi ƙanƙantarsu ya girme ta.

"Ga amaryarmu!" Maman Akossiwa ce, telar da ta zo daga Togo, wadda ta tsaya wa Firmin a matsayin uwa. "Madam, yaushe kawunki zai gama binciken nan? Na riga na yanka yadin, kar ki yi ƙiba ki ja min asara."

"Ke dai ki koyi ƙirga zuwa ɗari tukuna," in ji Papa Sawadogo, tsohon mai gadi ɗan Burkina da ya tsaya a matsayin uba. "Wata shida kina makale a talatin."

"Kai da har yau in an ce maka ina kwana sai ka ce na gode?"

Aka yi dariya. Esaaba ta yi ƙoƙarin murmushi, bai fito ba.

Firmin yana bencin ƙarshe inda ya saba zama, jakar kayan aikinsa a tsakanin ƙafafunsa. Ya wanke hannu, amma baƙin mai bai fita daga gefen farcensa ba. Yana kallonta da tambaya a ido. Ta juya ga allo.

Darasin ranar shi ne tambayoyin ofis. Kowane wata suna maimaita shi, domin babu wanda ke ajin da ba ya jiran ranar da za a kira shi gaban wani tebur. Ita take zama jami'a, ɗalibi ya zauna a gabanta ya amsa da Turanci.

"Firmin, zo."

Ya taso ya zauna. Ta ɗauki biro kamar yadda take yi kullum.

"Mene ne sunanka?"

Ya faɗa.

"Daga ina ka zo?"

Ya faɗa, yana ɗan murmushi, don ya san ya iya.

"Shekara nawa ka yi a Ghana?"

"Takwas."

Ta ɗago ta dube shi.

"Kana da aure?"

"Saura ƙiris!" Maman Akossiwa ta yi ihu daga baya, aji ya kaure da shewa.

Firmin bai yi dariya ba. Ya dubi idonta, ya ga abin da ke ciki, murmushin ya zame daga fuskarsa. Bakinsa ya buɗe ya rufe.

"Ɗana, wannan ai ko ni na iya," in ji Papa Sawadogo. "Ka ce a'a mana."

Firmin ya dubi hannayensa.

"Koma ka zauna," in ji Esaaba. "Na gaba."

Yadda ta kai ƙarshen awar nan ita ma ba ta sani ba. Da aka tashi, Maman Akossiwa ta dube ta, ta dubi Firmin, ta ja hannun tsohon suka fita ba tare da tsokanar da suka saba ba.

* * *

"Wa ya gaya miki?" ya tambaya da Faransanci. Da shi suke magana in su biyu ne.

"Ashe akwai abin faɗa."

"Esaaba."

"Wofa ya je sansani ranar Juma'a. Ya ga katin. Ya ga matarka."

"Ba matata ba ce."

"Ita ta ce matarka ce. Har da shekarar ɗaurin aure."

Ya dafe kai da hannu biyu. "Wayyo Allah. Su ne masu motar? Odile ta kira ni a tsorace, ta ce mutanen ofis sun zo bincike, ɗaya da laktaye a wuya yana ɗaukar hoto. A can in baƙo ya zo da mota yana tambayar iyali, amsa ɗaya ce kowa ya sani. Abin da ke kan katinka shi za ka faɗa, ko an tashe ka daga barci."

"Me ya sa yake kan katin?"

 Ya zauna a benci, ya zuba wa ƙasa ido.

"Kwana tara muka yi a daji. A rana ta shida aka harbi Norbert, yayana. Ni na binne shi da hannuna, da adda na haƙa. Odile tana goye da jaririya, ni ina ɗauke da babbar a wuya. Da muka iso iyaka muka ga layi biyu. Ɗaya na iyali. Ɗaya na maza marasa iyali, ana ware su gefe don a tantance ko sun riƙe bindiga. Matan da ba su da miji kuma ana haɗa su a babbar rumfa, babu ƙofa. Odile ta riƙe rigata ta ƙi saki. Mai rubutu ya dube mu, sunanmu ɗaya, ga zobe a hannunta. Ya ce, matarka ce? Na gyaɗa kai."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. A wajenmu in wa ya mutu, ƙane ne yake tsayawa a ƙofar matarsa har ta san inda ta nufa. Ban ga na yi ƙarya ba a lokacin. Na ɗauka takarda ce ta samun tanti da shinkafa, wata biyu a koma gida. Daga baya duk ofishin da aka shiga sai a buɗe fayil a karanto mana, mu ce haka ne. Aka tambaye ta ranar aure, ta faɗi ranar aurenta da Norbert."

"Shekara ɗaya da rabi kana zama a bencin can. Ka gaya mini yadda aka ƙone gonarku. Ka gaya mini sunan karenka. Wannan ne ka manta?"

"Ban manta ba. Tsoro na ji."

"Tsorona?"

"Ke kike zama a teburin can da safe. In na gaya miki, na ɗora miki abin da aikinki ya ce ki kai rahoto. Kuma fayil ɗin ya mutu, Esaaba. Shekara biyar ba wanda ya kira mu. Na ce aure na gaskiya ai gaban dattawa ake yi, ba wanda ya taɓa kai kwalba gidan su Odile da sunana. Na rantse da kabarin Norbert, ban taɓa ƙetare tabarmarta ba. Shekara uku a rumfar coci na kwana kafin in dawo nan."

Ta yarda da shi. Abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. Da ƙarya yake yi, da ta samu abin riƙewa ta tsane shi.

"Wofa ya ba ka zuwa ƙarshen wata," ta ce tana share ido da gefen mayafinta. "Takarda mai hatimi, cewa ba ka da mata. In babu, Jojo."

Ya miƙe zumbur. "Gobe zan je. Zan ce musu na yi ƙarya, su gyara."

"Ka san abin da suke yi in an ce musu haka?"

Ya kawar da kai.

"Ni na sani. Bara na karanta wa wata mata irin wasiƙar a teburin can. Ba gyarawa suke yi ba, rufewa suke yi. Ba sunanka kaɗai ba, duk wanda ke kan katin. Shekara takwas kuna faɗin abu ɗaya a gaban kowane jami'i. Ba za su sake yarda da ko kalma ɗaya daga bakin Odile ba, ko labarin Norbert."

"Fayil ɗin da ya riga ya mutu, me za a rufe?"

Aka yi gyaran murya a bakin ƙofa.

* * *

Mace ce siririya, ta ɗaura kallabi mai ruwan toka, silifas ɗinta sun yi ja da ƙasa. Ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, amma wuyanta ya tsufa. Ta rungume wata ambulan a ƙirji da hannu biyu.

"Odile," in ji Firmin. "Me kike yi a nan?"

"Tun ƙarfe uku nake waje. Na ji kunyar shigowa cikin mutane." Ta juyo ga Esaaba, ta ɗan rusuna. "Ke ce Madam. Ya nuna min hotonki. Kin fi hoton kyau."

Esaaba ta matso. Ta ja mata benci.

Odile ba ta zauna ba. Gwiwoyinta ta kai ƙasa.

"Don Allah tashi, Yaya."

"Bari in faɗa a haka. Jiya maƙwabciyata ta ce min tsohon nan da ya zo ba ɗan ofis ba ne, ta ji suna maganar aure a mota. Na kwana ban runtsa ba. Madam, ni na ɓata miki. Wannan yaron ƙanena ne. Yana da shekara goma sha biyu aka kawo ni gidansu, ni nake yi masa wanki. Ki kai ni gaban kawunki in rantse da duk abin da yake so."

"Ba rantsuwa yake so ba. Takarda yake so."

Odile ta sunkuyar da kai. Hannunta ya ƙara matse ambulan ɗin.

"Mece ce wannan?" Firmin ya tambaya.

"Ranar Asabar aka kawo. Da Turanci ce. Ban ba kowa a sansani ya karanta ba, ka san bakinsu." Ta miƙa wa Esaaba. "An ce ke kike karanta wa mutane."

Esaaba ta karɓa. Tun kafin ta buɗe ta gane irin takardar. A shekara biyu da ta yi a teburin nan, sau uku kawai ta taɓa riƙe irinta, kuma duk ukun sai da aka yi kuka da rawa a ɗakin.

Ta karanta har ƙasa. Ta koma sama ta sake.

"Me ta ce?" in ji Odile. "Korarmu za a yi?"

"A'a."

"To mene ne?"

"Kanada ta karɓi fayil ɗinku. Ana kiranku ganawa a Accra ranar ashirin da shida ga wata. Maigida da matarsa da yara biyu. An ce dole ku zo tare."

Odile ta toshe baki da hannu. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, ba kuka ba, ba dariya ba. Ta dubi Firmin, ta dubi Esaaba, sai farin cikin ya gushe daga fuskarta. Ta gane.

"Shekara takwas," ta ce a hankali. "Kullum da safe sai na je allon sanarwa. Ƙaramar ba ta san wani gida ba sai tanti. Babbar tana da sikila, duk damina sai na ce wannan ce ta ƙarshe." Ta goge fuska da tafin hannu. "Amma ban zo roƙo ba, Madam. Ya ba mu shekara takwas na rayuwarsa. In ya ce ya gaji, ba zan kai ƙararsa wajen Norbert ba."

"Ku je," in ji Esaaba, ba ta dubi kowa ba. "In kun isa can..."

"In na isa can, mijinta nake a takardarsu," Firmin ya katse ta. "Sai an shekara nawa kafin a raba auren da ba a ɗaura ba? Sai an shekara nawa kafin in iya ɗauko ki? Wofanki ƙarshen wata ya ce."

"In kai kaɗai ka ƙi zuwa fa?" Odile ta tambaya.

"An ce tare," in ji Esaaba. "In babu shi, za su tambayi dalili."

Fankar sama tana juyawa tana ƙara. A waje wata mai kifi tana kiran masu saye.

Firmin ya zo ya tsaya gabanta. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Esaaba, dube ni. Na gaji da zama mutumin kan kati. Ke kaɗai ce abin da na zaɓa da kaina tun da na bar gida. Ki ce in je in faɗi gaskiya, gobe da asuba ina hanyar ofis. Zan yi aiki dare da rana in riƙe su a nan, in kama musu ɗaki a Sekondi. Kalma ɗaya kawai."

"Kada ka ɗora min."

"Wa zan ɗora wa? Ni na kasa."

"In na ce ka je, duk ranar da yarinyar nan ta kwanta ciwo me zan gani a fuskarka? Me zan gani a tawa?"

"In kin ce kar in je, Jojo zai aure ki."

"Na sani."

"Kina sonsa?"

"Ka san amsar."

"To ki faɗa mana! Ki ce in je!"

Kuka ya ƙwace mata. Ta juya musu baya ta dafa allo, kafaɗunta suna rawa. Ba wanda ya taɓa ta. Ta tuna Maame a durƙushe tana riƙe da gwiwoyinta, ga wata kuma a durƙushe a bayanta. Ta yi ta neman wata hanya ta uku, irin wadda take nemo wa mutane a teburin can, wani sashe na doka, wani ofishin da ba a gwada ba. Ta san dokokin duka. Babu.

Da ta juyo, ta goge fuskarta tsaf. Ta je ta kama hannun Odile ta tashe ta, ta zaunar da ita a kujerar da ke gaban tebur. Ita kuma ta zagaya ta zauna a tata.

"Za a ba ku tafinta a Accra," ta ce. "Amma suna jin daɗi in mutum ya amsa 'yan tambayoyin farko da bakinsa. Saura kwana goma sha tara. Kina da inda za ki kwana a garin nan?"

"Madam..."

"Zan yi wa Maman Akossiwa magana. Kullum ƙarfe huɗu ki zo. Mu fara yanzu."

"Esaaba," in ji Firmin.

Ba ta dube shi ba.

"Za su ce, mene ne sunanki. Ki ce haka." Ta faɗa da Turanci, a hankali, kalma bayan kalma.

Odile ta maimaita, harshenta yana tuntuɓe, hawaye yana bin kumatunta.

"Da kyau. Za su ce, yaranki nawa."

Ta maimaita.

"Sai su nuna shi, su ce wane ne wannan." Esaaba ta ɗora a hankali. "Ki dubi idon mai tambayar, kar ki dubi ƙasa. Ki ce, wannan mijina ne."

Odile ta girgiza kai.

"Faɗi, Yaya."

Ta faɗa, da ƙyar aka ji.

"Ba su ji ba. Sake."

Ta sake.

"Sake."

Ta gefen idonta Esaaba ta ga Firmin ya sunkuya ya ɗauki jakar kayan aikinsa. Ya rungume ta a ƙirji don kar ƙarafan ciki su yi ƙara. Ya bi tsakanin bencina a hankali, ya tsaya a bakin ƙofa kamar na daƙiƙa biyu, sannan ya fita ya jawo ta a bayansa.